Mu da Ɗakinmu Falle Ɗaya

Duk cikinmu da wuya a sami wanda ya auna ɗaki kafin ya sayi gado. Muna auna tsayin wando a wajen tela, muna auna gero da kwano har mu ce a ƙara mana gyara, muna auna fili da igiya mu yini muna jayayya a kan taku ɗaya, amma ɗakin da za mu kwana mu tashi a cikinsa shekara da shekaru, wannan kam da ido muke auna shi. A leƙa ta ƙofa, a ɗaga kai a dubi rufi, a ce, “Kai, ai da faɗinsa, zai ɗauka.” Dillali ya ce ƙwarai kuwa, wanda ya tashi ma ’ya’yansa biyar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka muke faɗa, kuma a gaban tuwo maganar gaskiya ce. A gaban ɗakin haya dai idon nan namu ya sha yi mana alƙawarin da bango ba zai iya cikawa ba.

To bari mu yi lissafin da muke gudu. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu, ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi, wato murabba’in ƙafa 144. Gadon da ranmu ke so kuwa shida-shida ne, don wai ƙasa da haka na yara ne, shi kaɗai ya cinye 36. Rubu’in ɗaki ke nan ya tafi, ba a yi maganar fuskar gadon ba, ba a yi ta durowoyin nan biyu da ke raka shi dama da hagu ba, balle sif mai ƙofa huɗu ko shida, da madubi da ’yar kujerarsa, da saitin kujeru, mai zaman mutum uku da mai biyu da masu ɗai-ɗai guda biyu. Wannan fa in an dace ɗakin ya cika sha biyun. A unguwannin awon igiya, daga Kurna da Rijiyar Lemo zuwa Ɗorayi a Kano, ko Rigasa a Kaduna, inda mai gida ke son fitar da ɗaki takwas daga filin biyar, sau da yawa goma-goma ne ake kira sha biyu, mu kuma mu amsa mu biya kuɗin shekara.

Ku zo mu je jere ku gane wa idonku. Ana jibi ɗaurin aure, akori-kura ta tsaya a bakin titi don lungun ba ya shiga da mota, yaran unguwa sun yi jerin gwano suna jido, wannan da matashi a ka, wancan da murfin kula, gwaggon amarya ta ci ɗamara da mayafi tana tsakar gida tana rabon aiki. Komai ya shige lafiya sai fuskar gado. A kai ta ƙofa a tsaye ta ƙi, a kwantar da ita ta ƙi, a karkata ta ta kankare sabon fentin da ango ya biya jiya.

“Malam kafinta, ba ka ce ka auna ba?”

“Hajiya, gadon na auna. Ai ba a kawo ni na ga ƙofar ba.”

“To ka san yadda za ka yi, don gadon nan yau a ciki zai kwana.”

Kuma a ciki yake kwana. A cire ƙyaure, a kwance abin da za a iya kwancewa, a rage wa sif ƙafa da zarto don ya daina tokarar rufi, kafin la’asar sai ka ga komai ya sami mazauni. Doguwar kujera ta jingina da ƙafar gado, mai zaman biyu ta danne ƙofar sif ta ƙarshe, wadda ba za a ƙara buɗewa ba sai ranar tashi, ɗaya daga cikin ƙananan an cusa ta bayan ƙyaure, ’yar’uwarta kuma an kai ta ajiya ɗakin uwar miji kafin Allah ya buɗa. Sai a ɗaura labule, a ja zanen gado ya miƙe, a zuba turaren wuta a kasko, wata ta rangaɗa guɗa, kowa ya ce ma sha Allah, ɗaki ya yi kyau. Kuma wallahi ya yi kyau ɗin. Abin da ya rage wa amarya na takawa dai wata ’yar siririyar hanya ce daga ƙofa zuwa gado, wadda za ta koyi bi a kaikaice, ƙafarta ta haddace ta ko an ɗauke wuta.

Cikin matan nan da suka yini suna gumi babu wadda ba ta san kujerun sun yi yawa ba, kuma babu wadda za ta buɗe baki ta ce a mayar da biyu. Jibi ’yan ganin ɗaki za su zo, dangin miji da maƙwabta da ƙawaye, baki na addu’a ido na ƙirga, kafin magariba unguwa uku sun san abin da aka yi wa yarinya da abin da ba a yi mata ba. Mu ne masu ƙirgar, mu ne kuma masu tsoron a ƙirga mana. A al’adarmu miji ke neman ɗaki ya yi lefe, iyayen amarya su cika ɗakin, don haka gadon nan da ya ƙi shiga ƙofa mutuncin wani dattijo ne da ya sayar da bijiminsa, da wata uwa da ta yi shekaru tana zubin adashe. Nauyin abin har gwamnati ta san da shi. Tun da aka fara auren zawarawa a Kano a 2012, har zuwa auren gata na 2023 da aka ɗaura aure 1,800, kayan ɗaki na cikin abin da ake ba amare, don an san sau da yawa su ke tsayar da auren talaka ga manemi a hannu.

Ƙanƙantar ɗaki dai ba baƙuwarmu ba ce. Na kakanninmu ma ba wani faɗi gare su ba. Maginin ƙasa da azara yake rufi, tsagin giginya, ita kuwa azara in tazarar bango da bango ta haura kamar mita 2 ba ta iya riƙe nauyin ƙasar da za a ɗora mata. Mai son soro mai faɗi sai ya nemo gwanin da zai ɗaura masa baka, irin aikin da Babban Gwani Mikaila ya yi a masallacin Juma’a na Zariya a shekarun 1830, wannan kuwa sai sarakuna da attajirai. Talaka ɗakinsa ɗan daidai ne tun fil azal. Amma me ake yi a cikinsa? Kwana da ajiya, shi ke nan. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa, hatsi na rumbu, girki a madafi, daka da tankaɗe da wanki da kitso da tatsuniya duk a tsakar gida, in bazara ta yi ma kwanan a waje ake yin sa, ko a tsakar gidan ko a saman soro.

Yau zauren ya zama shago an ba mai cajin waya haya, rumbu babu shi, tsakar gidan kuma ta koma wani zirin siminti da magidanta goma ke tarayya a kai, kwata a tsakiya, igiyar shanya a sama, bokitai a jere ana jiran mai ruwa. Wanda aiki ya kai Abuja tun da gwamnatin tarayya ta tare can a 1991, ya tsinci kansa a Nyanya ko Mararaba ko Suleja, a ɗaki mai banɗaki da ɗan lungun girki a ciki, ko zirin simintin ma bai samu ba. Sai muka kwaso zaure da rumbu da madafi da turaka da ɗakin yara muka zuba cikin bango huɗu, muka ja ƙofa, sannan muka riƙe baki muna mamakin yadda wuri ya ƙare.

Sai dai kada kowa ya yi wa jeren mata kallon tarkace. Wanda ya shiga gidan tarihi na Gidan Makama a Kano zai ga yadda ake jere ɗakin amarya a da, kuma zai gane cewa tun can bangon ɗakin mace shi ne asusunta. Daga ƙwarya mai zane aka koma tasa, irin ta tagulla da maƙeran Bida suka yi suna a kai, daga tasa aka koma langa mai furanni, kwalla da fanteka da kumbo, ƙarami a kan babba har su kusa taɓa rufi, daga nan samira ta zo, yanzu kuma tangaran da kuloli a kabad mai gilashi. Ba a cin abinci a ciki, ba don haka aka saye su ba. Nata ne ita kaɗai. In rana ta ɓaci ta kira dillaliya ta ɗauki saiti ɗaya ya zama kuɗin magani ko jarin ƙosai, in aure ya mutu da su za ta fita, in ya yi albarka ta sauke su ta wanke ta ƙara a kayan ’yarta. Saboda haka in maigida ya dawo ya yi tuntuɓe da kwali ya ce, “Maman Abba, waɗannan kwanukan da ba a amfani da su fa?”, ita kuma ta ce, “Suna da ranarsu, Baban Abba,” to gaskiyarta ce.

Ƙarƙashin gado kuwa, nan ne kowa ke da laifi, mace da namiji, malami da ɗan boko. A ɗaga zanen gado a leƙa. Buhun shinkafa da ya kai rabi, jarkar manja, akwatin lefe cike da turamen da ke jiran tela tun sunan fari, takalmi ƙafa ɗaya da ake sa ran ganin ɗan’uwansa, fankar da ta ƙone ana ta cewa za a kai gyara, rediyon marigayi Baba, littattafan firamare na yaron da yanzu yake jami’a, da jakunkunan Gana-mas-go, irin waɗanda ’yan Gana kusan miliyan ɗaya suka zuba kayansu a ciki lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta sallami baƙin da ba su da takardu a 1983. Mu da ba inda za mu mun fi su iya cika jakar, zif ya tsage an ɗaure da tsumma. Saman sif kuma kwalaye ne, na talabijin, na fanka, na dutsen guga, duk wayam, saboda ranar tashi. Leda mu ninke ta mu cusa a cikin leda mu rataye a ƙusa. Robar fenti ba a yar da ita, gwangwanin madara ba a yar da shi, wannan na kanwa ne, wannan na daddawa, wannan ka buɗe da murna kana zaton biskit ne ka tarar da allura da zare da maɓallai. Kofuna da bokitai masu hoton ango da amarya da aka raba a bukukuwa, muna da su fiye da bakin da zai sha ruwa a gidan, kuma ba za a bayar ba, don in mai bikin ta zo ba ta ga nata ba fa? Ajiya maganin wata rana, in ji mu, kuma abin da ya sa ba za mu daina ba shi ne wata ranar takan zo. Ruwa ya yi wuya a unguwa kwana uku, robobin fentin nan da ake yi wa tsiya su ne ke fitar da gida kunya.

Kada gwauraye su yi dariya, layi ya zo kansu. Ɗakin saurayi, ko shagon ƙofar gida ne ko hayar ɗalibai a Samaru kusa da Jami’ar Ahmadu Bello, ba gado ba sif, amma shi ma ba masaka tsinke. Katifa a ƙasa ita ce kujera ita ce teburin cin abinci ita ce wajen guga, ƙusoshi a bango su ke riƙe da tufafi, shaddar Juma’a na rataye cikin ledar mai wanki ba a yarda ƙura ta gan ta ba, huluna ɗaya cikin ɗaya a kan wata ƙatuwar lasifika, tukunya ɗaya tak ita ce ta shayi ita ce ta taliya. Soket ɗaya, an jona masa wani an jona wa wanin wani, waya bakwai na caji, biyar na abokai ne. Da dare a naɗe rabin ledar ɗaki a turo babur ciki, don barinsa a waje sadaka ce ga ɓarawo, mai ɗaki ya kwana kansa na kusa da taya. Aka ce ɗakin mutum ɗaya ne, amma mabuɗin na ƙarƙashin wani dutse da samarin layin duka suka sani.

Duk wannan cunkoson akwai abubuwan da ba ma wasa da su, kuma a nan nake jin daɗin mutanenmu. Kafin a kafa gado sai wata ta tambaya, “Ina ne gabas a gidan nan?” don kada mai kwanciya ya miƙe ƙafa ga alƙibla. Ko ɗaki ya cika ya batse sai an bar fili daidai sallaya, in babu a ture kujera sau biyar a rana a mayar da ita sau biyar ba ƙorafi. Alƙur’ani na can sama a kanta, ba a ɗora komai a kansa ko da shi ne wurin da ya rage. Sai labule. Magidancin da ke da ’ya’ya huɗu a falle ɗaya ya san hadisin da ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara 10, yana kuma jin nauyinsa a ransa, sai ya ɗaura waya daga bango zuwa bango ya zura yadi mai kauri, ɗaki ɗaya ya zama biyu, babban namiji a tura shi shagon samari ko ɗakin kaka. Yara su tashi sun san ba a ɗaga labulen nan sai da sallama.

Baƙo kuwa, ban taɓa jin an ce masa babu wuri ba. Muna iya cewa babu inda za a sa sabon bokiti, amma ƙanwar miji ta zo rubuta jarrabawa, ko Inna ta taso daga ƙauye ganin likita, sai ka ga wuri ya fito. “Inna, hau gado.” “A’a ’yar nan, ni tabarma ta ishe ni.” “Wallahi ba za ki kwana a ƙasa muna sama ba.” Maigida ya ɗauki bargonsa ya tafi wajen aboki, yara a jera su a gicciye kai da ƙafa, gidan sauro ɗaya ya rufe mutum biyar. Inna kuma ba ta zuwa hannu rabbana, da ƙullin kuka take tafe da busasshiyar kuɓewa da rabin buhun gero da zakara mai rai, shi ma sai an nema masa masauki a bayan ƙyaure har Juma’a. Aka ce baƙo raɓa ne, namu yakan yi wata biyu bai bushe ba, kuma ranar da zai tafi mu ne masu cewa “Tun yanzu?”, da gaske kuma muke. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wannan halin ko gida mai ɗaki goma za a ba mu a madadinsa, ni ban yarda a yi cinikin ba.

Inda nake so mu yi wa kanmu faɗa wuri ɗaya ne, taga. Mai gini ya riga ya yi mana rowarta, ’yar ƙarama ya huda can sama, mu kuma da muka rasa bangon da za mu jingina sif sai muka jingina shi a nan, ko muka rufe ta da labule ninki biyu da leda saboda ƙura da idon maƙwabta. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri na haura digiri 40, rufin kwano ya yini yana shan rana ya kwana yana amayar da ita, mutum shida na numfashi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Lokacin sanƙarau ke nan, cunkoso a ɗaki marar iska kuma na cikin abin da ke yaɗa shi. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba su manta annobar da ta ci sama da mutum 11,000 a ƙasar nan ba, akasarinsu a Arewa. Da hunturu kuma sai mu juya, mu shigo da kurfoti cike da garwashi, mu toshe kowace kafa da tsumma, mu kwanta. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda janareto ke fitarwa in an ajiye shi a bakin taga don tsoron ɓarayi. Mutum ba ya jin komai sai nauyin kai da barci, kuma an sha wayar gari a ɓalle ƙofa a tarar da iyali gaba ɗaya rai ya yi halinsa. Tun da kananzir ya yi tsada aka jingine risho, ’yar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 ta shigo, ita ma ga ta nan taku biyu daga katifa da labule, yaro na rarrafe a gefe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun sani ɗin. A matsar da sif daga taga ko da kujera ɗaya za ta bar gidan, garwashi ya kwana a waje, inji ya yi nisa da inda ake numfashi, gas a rufe shi sosai a ajiye inda iska ke bi. Ko sisi ba za a kashe ba.

Sauran dabarun ma ba sai mun je nesa ba, kakanninmu mata sun riga mu. Su sama suke kallo. Ragaya na reto daga rufi da ƙwaryar nono ko sauran tuwo, ɓera da kyanwa sai kallo, alkuki a jikin bango na riƙe da fitila, tabarma a shimfiɗa da dare a naɗe da safe a jingine ƙasa ta dawo fili, adaka a zuba tufafi a ciki a zauna a kai, gadon ƙarfe mai rumfa kuma dogayen ƙafafu gare shi, kaya na shigewa ƙarƙashinsa ba dole. Har gobe in ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, za ka sami tabarmi da kwanduna da tumtum na fata da baƙo zai kishingiɗa a kai, in ya tashi a jefa shi saman gado. Mu ne muka ɗauka zaman ƙasa talauci ne, sai ga masu kuɗi na sayen kujerun ƙasa irin na Larabawa suna shimfiɗawa a manyan falukansu, mu ma mun fara cewa ai sun fi daɗin hira.

Kafintocinmu kuma, na Kano da na kasuwar Fanteka a Kaduna, duk abin da aka nuna musu a waya za su fitar da shi. Sun iya gado mai durowoyi a ƙasa, sun iya sif mai ƙofar zugewa wanda ba ya neman filin buɗewa, sun iya kanta a saman ƙofa inda ba kan da zai buga, sun iya teburin da ake ninkewa a jikin bango. Mu ne dai ba ma tambaya. Gado mai faɗin ƙafa huɗu da rabi yana ɗaukar mata da miji har da jariri, yana kuma mayar wa ɗaki murabba’in ƙafa 9, wanda ya isa shimfiɗa sallaya. Na ga iyayen da suka yi ƙarfin hali suka yi wa ’yarsu kujera biyu kawai, kuɗin sauran suka saya mata keken ɗinki da ’yan kunne na zinare. Dukiyarta na nan a hannunta yadda aka saba, ba ta dai tare mata hanya ba. An yi mako guda ana maganarsu a gidajen biki, daga baya masu maganar suka fara kai mata ɗinki.

Amma duk gyaran da za a yi, ranar suna sai ɗakin ya gaza, kuma ba wanda ya taɓa fasa suna saboda haka. Tun ana gobe maƙwabta ke buɗe ƙofofinsu. Wannan ɗakin na dangin miji ne, na amaryar da ke kusa da rijiya na ƙawayen mai jego, gwauron gidan ya miƙa mabuɗinsa ya ce a zuba kulolin abinci, shi ya tafi sai dare. Firjin mutum ɗaya ya sanyaya zoɓo da kunun aya na taron duka, turmi ya fito daga can, babbar tukunya daga gidan baya, kujerun nan da suka yi shekara suna tare hanya a fito da su tsakar gida su sami mutum bakwai a kai yadda kafinta ya nufa. Mai jego na tsakiyar gado da jariri, mata sun kewaye ta har kan matashi, duk wadda ta shigo a ce mata, “Matso ciki, ai da wuri.” Wadda aka yi cacar baki da ita shekaranjiya a kan igiyar shanya ita ce ke tsugune tana suyar waina tun asuba. Zo mu zauna zo mu saɓa, amma ban da ranar suna.

Washegari a shiga mayar da kayan aro, kowane kwano da ɗan cincin ko naman suna a ciki don ba a mayar da shi wayam. Mai jego ta aiki yaro da babbar tabarma ya kai ɗakin da ke kallon nasu, sai ga shi ya dawo da ita a ka.

“Umma, wai ta ce ki bar ta a wajenki tukuna, ita ma ba ta da inda za ta sa ta.”